"Hangen Dala ba shiga birni ba": gargaɗi ne ko gori?

Ɗan Fagge a Kentucky:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku raba mu gardama da wani yayana da muke aiki tare a nan Louisville, don tun daren Talata gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar garin nan ta buɗe kakar 2022 da shan kashi sau uku a gida, kowanne da maki ɗaya tal. Bellarmine ta ci mu 67 da 66. Wright State ta ci mu 73 da 72, wani yaro Trey Calvin ya saki ƙwallo ana gab da tashi, ta shige. Na ukun shi ya fi ciwo, Appalachian State, 61 da 60. Ɗan wasanmu El Ellis ya kutsa ya zura ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe, wuri ya ɗauki ihu, sai alƙalai suka je suka duba bidiyo suka ce lokaci ya cika tun tana hannunsa. Aka soke.

Muna fitowa na ce masa kwando ɗaya-ɗaya ne ya raba mu da nasara uku, kuma kocin sabo ne, a yi masa haƙuri. Sai ya dube ni ya ce, "Hangen Dala ba shiga birni ba." A mota ma ya sake maimaitawa. Ni a sanina wanda ya fara murna tun bai isa ba ake yi wa wannan maganar. Wanda ya je har bakin ƙofa aka rufe masa, yana tsaye da takaicinsa, in ka faɗa masa ai gori ka yi masa. Shi kuwa ya ce gaskiya ya faɗa. Waye mai gaskiya a cikinmu?

Bazazzagi Na Asali:
Wa alaikumussalam. Bakano ya haye teku ya je Amurka, Dala ya bi shi har can. Ku zo Zariya ku hangi Kufena ku huta.

Malam Na Tudun Wada:
Ɗan Fagge, ka yi haƙuri, yayanka bai yi kuskure ba. Kai da bakinka ka ce kwando ɗaya-ɗaya ya raba ku da nasara. Wannan lissafin shi ne hangen. Ka ɗauki abin da ba ku samu ba ka sa a aljihu kana ƙirgawa. A takardar sakamako an rubuta an ci ku sau uku, ba a ware gurbin "saura ƙiris" ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam, ko gaskiya ce ai tana da lokacinta. Ba a zuwa gidan da aka yi gobara a fara tambayar wa ya bar risho a kunne.

Kwando Zalla:
Ni a ganina ku biyun duk kun ajiye karin maganar a inda ba wurinta ba. Louisville ba matafiyi ba ce da ke hango gari daga nesa, 'yar cikin ganuwa ce. Ta ɗauki kofin jami'o'in Amurka a 1980 da 1986 a hannun koci Denny Crum. Zauren da take wasa yana cin mutum wajen dubu 22. Su wa suka ci ta? Bellarmine ƙaramar jami'a ce a cikin garin Louisville ɗin, sai a 2020 ta hau rukunin farko na wasannin jami'o'i, kuma kocinta a wasan, Scott Davenport, tsohon mataimaki ne a Louisville. Irin waɗannan wasannin na farkon kaka, manyan makarantu kan biya ƙanana kuɗi ne su zo a ɗumama jiki da su. Kafin nan ma Lenoir-Rhyne, 'yar rukuni na biyu, ta doke su 57 da 47 a wasan gwaji. Wannan ba maki ɗaya ba ne. In akwai wanda ya hangi Dala a labarin nan Bellarmine ce, kuma ita ta shiga har ta ci kasuwa.

Ɗan Fagge a Kentucky:
Kwando Zalla, duk na san wannan. Amma ka tuna ƙungiyar da sabon kocin, Kenny Payne, ya gada. A kakar 2021 zuwa 2022, wasa 13 suka ci aka ci su 19, kocinsu Chris Mack ya tafi tsakiyar kaka. A watan Maris na 2022 aka kawo Payne, bai taɓa riƙe ƙungiya a matsayin babban koci ba, ko da yake ya yi shekara goma yana mataimaki a jami'ar Kentucky. Kuma ɗan gida ne, yana cikin yaran da suka ɗauki kofin 1986. A ƙarshen 1986 ɗin ma, suna riƙe da kofin, sun je gasar Alaska an ci su uku a jere. Duniya ba ta tashi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Malam Na Tudun Wada:
Ƙarasa ta mana. Sai dai a daɗe ba a je ba.

Bazazzagi Na Asali:
Juma'ar da za ta yi kyau kuma tun daga Laraba ake gane ta. Wasanku na farko ran Laraba aka yi, na duba.

Maman Ummi:
Ku ba ni wuri in faɗa muku inda na fara jin maganar nan.

Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Bichi. Iya muke ce mata. Tana yarinya, ba a ko fara zancen aurenta ba, kawunta kan kora jakuna da buhunan gyaɗa zuwa Kano bayan kaka. Ta daɗe tana naci a tafi da ita. Wata shekara uwarta ta yarda, ta ɗora mata ƙwaryar man shanu da ta jima tana tarawa, ta ce ta sayar a Kurmi ta sayo gishiri da kanwa, in kuɗi ya yi saura ta sayi zane ɗaya na kanta.

Suka tashi da asuba, suka kwana a hanya. Washegari da hantsi ƙafarta ta kumbura, gammo ya ci mata tsakar ka. Tana kuka tana sharewa da gefen zane kada kawu ya gani ya ce ba zai sake zuwa da ita ba. Can sai ɗan kawun, wanda ya saba hanyar, ya nuna da sanda ya ce ga Dala can. Lokacin babu benaye, gonaki ne da kuka da rimi, sai ga dutse ja a tsaye. Iya ta ce wallahi nan take ta ji ciwon ƙafar ya ɗauke. Ta ƙara sauri, ta wuce jakuna, ta wuce kawu, har da 'yar waƙarta. Idonta na sama, ba ta ga saiwar da ta gitta hanya ba. Ƙwarya ta faɗi ta rabe biyu. Rana ta riga ta narkar da man, ya bi yashi.

Ta zauna a wurin tana ta rusa kuka. Kawu ya iso bai ce mata uffan ba. Ya tsinko ganyen kalgo, ya tsuguna ya kwashe abin da ya kwasu ya zuba a ɓarin ƙwaryar. Ya sauke buhu ɗaya ya ɗora a kansa, ita kuma ya ɗora ta a kan jakin. Sai bayan azahar suka shiga ta Ƙofar Ruwa. Ragowar man wata mai kitso ce ta saya da arha saboda yashi. Gishiri da kanwa suka samu, zane bai samu ba.

Ba a ranar ya faɗa mata ba. Sai da shekara ta zagayo, suka zo daidai wurin, Dala ya bayyana, kawu ya riƙo hannunta ya ce, "Hangen Dala ba shiga birni ba, 'yar nan. Dubi ƙasa."

Iya ta rayu har ta ga tattaɓa-kunne, ban taɓa jin ta faɗa wa wanda abu ya riga ya kuɓuce masa ba. Ranar da aka kawo kuɗin gaisuwar yayata muna ta tsalle a tsakar gida, ta faɗa mana. Ranar da aka fasa auren kuwa kunu ta dama ta kai mata ɗaki, ta zauna kusa da ita har ta sha.

Hajiya Mai Atamfa:
Allahu Akbar. Allah ya jiƙan Iya, ya kai haske kabarinta. Mutanen da ke nan. Ɗan Fagge, ka kai wa yayanka wannan ya karanta.

Ɗan Fagge a Kentucky:
Amin. Anti, na gode ƙwarai. Abin da na kasa faɗa masa a mota ke nan.

Direban Tirela:
Allah ya jiƙanta. Amma ni kawun nake tuhuma. Ya san hanya, ya san akwai saiwa, ya ga yarinya ta wuce shi da ƙwarya a ka. Da ya faɗa a shekarar farko da man bai zube ba. Ya bari sai da aka yi asara.

Maman Ummi:
Malam Direba, kawun kakata kake tuhuma a gabana? Mutumin da ya ɗauki buhun gyaɗa a ka don ta hau jaki?

Direban Tirela:
Afuwa Hajiya, na janye. Allah ya jiƙansa shi ma.

Malam Na Tudun Wada:
Labarin nan ni yake goya wa baya, ku duba da kyau. Kakar wasan ba ta ƙare ba, akwai wasanni kusan talatin a gaba. Ke nan Ɗan Fagge yana kan hanya, ƙwarya na kansa, ya fara waƙa. Yayansa ya riƙo hannunsa ya ce dubi ƙasa. Ina gorin yake?

Ummu Sadik:
Malam, kowa ya tsallake wani wuri a labarin. Iya ta ce da ta ga Dala ciwon ƙafarta ya ɗauke. Yarinyar da ke kuka a ɓoye, da ba ta hango komai ba, wa ya san ko za ta kai? Masu zuwa kallon ƙungiyar da ake ta ci, in ka hana su cewa "mun kusa", da me za su dawo wasa na gaba? Yaran da ke wasan ma 'yan makaranta ne, wasu ba su kai ashirin ba, da safe aji za su shiga.

Kwando Zalla:
'Yan makaranta ne, amma kocin ba ɗan makaranta ba ne, kuma ba kyauta yake aikin ba.

Ɗan Bakin Kasuwa:
Ku da kuke da Dalan hange ma ku gode wa Allah. Mu a unguwarmu akwai rijiyar burtsatse da aka ce saura kaɗan a gama. Zaɓe biyu ke nan. Jiya mai girma ya dawo da motoci da atamfa da taliya, ya tsaya a kan ramin ya ce saura kaɗan.

Bazazzagi Na Asali:
Mu namu ya faɗi zaɓen fid da gwani da 'yan ƙuri'u, har yau fastarsa na jikin gada an rubuta "mai jiran gado". Yaransa suna ce masa ranka ya daɗe, yana amsawa.

Direban Tirela:
Akwai hanyar da nake bi, an ƙaddamar da aikinta sau uku. Duk zuwa da sabon allo da sabon almakashi.

Mai Unguwar Zaure:
Jama'a, lokacin kamfe ne, a kiyaye. Karin magana muke yi.

Ɗan Zongo Kumasi:
To mu koma ƙwallon ƙafa. 'Yan'uwana na Najeriya, a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya da kuka yi da mu Gana a watan Maris na 2022, an tashi babu ci a Kumasi, an yi ɗaya da ɗaya a Abuja. Ba mu ci ku ba ko sau ɗaya, amma mu muka samu gurbin zuwa gasar a Katar. Magoya bayanku suka faɗa fili suna farfasa kaya. Wannan hangen Dala ne ko me ake ce masa?

Ɗan Bakin Kasuwa:
Wa ya sa bakin Gana a maganar nan? Ku je, muna nan za ku dawo ku same mu.

Bazazzagi Na Asali:
Ku bar Kanawa da abin da ya dame su. A 2022 ɗin nan masu gida ma an fitar da su daga birnin, Kano Pillars ta gangara ƙaramin rukuni. Sai masu gida!

Ɗan Fagge a Kentucky:
Bazazzagi, za mu dawo, kai kuma kana nan da tuwon gidanmu a bakinka. Ni abin da ya sa na fara son Louisville tun ina gida Gorgui Dieng ne, ɗan Senegal, a 2013. Sun doke Michigan 82 da 76 a wasan ƙarshe, sun ɗaga kofi, duniya ta gani. A 2018 hukumar wasannin jami'o'i ta soke nasarar saboda badaƙalar da aka bankaɗo, aka sauke tutar daga zauren. Mutanen garin nan sun shiga birni sun kwana, daga baya aka ce musu ba su shiga ba. Su ne yanzu ake soke musu ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe. Shi ya sa maganar ta yi mini zafi.

Malam Na Tudun Wada:
Wannan kuma wata karin maganar yake nema, ba ta Dala ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Maman Ummi, ni zanen ne ya tsaya mini a rai. Ta samu a shekara ta biyun?

Maman Ummi:
Ta samu Hajiya, baƙi na rini. Shi ta ɗaura ranar da aka kai ta ɗakin miji, kuma da shi ta goyi mahaifiyata.

Direban Tirela:
Hajiya, ba tuhuma ba ce wannan, tambaya ce. Wanda ya taso daga Bichi da jakuna ai ta Ƙofar Dawanau ya kamata ya shiga, ba Ƙofar Ruwa ba.

Maman Ummi:
Ƙofar Ruwa ta ce mini.

Ɗan Bakin Kasuwa:
Ya danganta da ƙauyen. In ta gabashin Bichi ne Ƙofar Ruwa ta fi kusa. Hajiya, wane gefe ne ƙauyen nasu?