Neman kalmar Hausa: lambar da ba ta rabuwa

Mai Alli: Salamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar darasi a kan 4,294,967,297. Ana samunta in aka fara da 1 aka yi ta ninkawa har sau 32, sannan aka ƙara 1. Masanin lissafi Fermat ya ɗauka “prime” ce, wato lambar da ba ta rabuwa, kamar 3, 5, 17, 257 da 65,537 da suka gabace ta a jerinsa, sai wani masanin, Euler, ya nuna a 1732 cewa 641 sau 6,700,417 ce. Me zan kira “prime” da kishiyarta?

Malamar Lissafi: Gagara-rabo. Kishiyarta kuma mai rabuwa.

Na Damagaram: Lamba tilo ta fi daɗin faɗa.

Malamar Lissafi: A'a malam, tilo 1 za ta kawo wa yaro a rai, alhali 1 ba ta cikinsu. Sharaɗin shi ne lambobi biyu cak su raba ta ba saura: 1 da ita kanta. In aka shigar da 1, sai 6 ta zama 2 sau 3, ta kuma zama 1 sau 2 sau 3, hanyar warware ta ta tashi daga guda ɗaya. Kada kuma a ce mara. Lambar Mai Alli mara ce amma ta rabu, 2 kuwa cika ce kuma tana cikinsu.

Ɗan Zaure: Adadi auwali na nan a littattafan Larabci. A shekarar 1732 ɗin nan malamin nan na Katsina, Muhammad al-Kashinawi, ya yi rubutunsa kan hatimin lissafi, da Larabci ya yi, bai rage shi da komai ba.

Hausa Zalla: Kullum aro! Sai ka ce harshenmu maraya ne.

Ɗan Zaure: Ita “lamba” da kake faɗa daga ina ta zo? Lissafi fa?

Hausa Zalla: Waɗannan sun zauna. Auwali sunan yaro ɗalibai za su ji.

Na Damagaram: Malama, da gyara a taki. Gagara ta danganci mai gwadawa ne. Wannan lambar ta gagari Fermat, ta rabu a hannun Euler. Ashe ƙi-rabo ta fi, don halin lambar take nunawa. Mai Alli, ka ƙara a darasin cewa ba sai an gwada kowace lamba ba: duk wadda za ta raba ta sai ta bar saura 1 in aka kasa ta gida 64. Ita 641 ai 64 sau 10 ce da 1. Banda 1 da ita kanta, 641 da 6,700,417 kaɗai ke raba ta, don dukansu biyu ƙi-rabo ne.

Malamar Lissafi: Hujjarka ta shige ni, ko da yake kunnena na kan gagara-rabo.

Mai Alli: Na gode, Allah ya saka. Zan sa ƙi-rabo da mai rabuwa, in kawo sharaɗin Malama tun a layin farko. Saura “factor”, wato lambar da ke raba wata ba saura.

Ɗan Zaure: Ni dai a ajina auwali zan ci gaba da cewa.