Ciki ɗaya suka fito, karatu ya bambanta: me kuka gani?

Maman Biyu, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga abin da ke yawan faruwa a gidajenmu: yara biyu uwa ɗaya uba ɗaya, makaranta ɗaya, kwano ɗaya. Babban ya haɗa baƙi tun yana shekara 5, ƙanin ya kusa 7 ana ta fama. Sai gida ya sa masa suna daƙiƙi, kullum "dubi yayanka". Malamai da ma'aikatan lafiya da iyaye, don Allah a faɗi abin da aka gani da ido. Yaushe za a ce halinsa ne, yaushe kuma za a tashi tsaye?

Malamar aji biyu, Gyallesu:
Wa alaikumussalam Maman Biyu. A fara ƙirga shekarunsa da wata. A aji ɗaya ana samun ɗan Janairu da ɗan Disamba, wata 11 tsakaninsu, kuma ga ɗan shekara 6 wannan tazara ce babba. Ga waɗanda ake turawa firamare da shekara 4 da rabi, alhali 6 ce shekarar shiga.

Sai a gwada shi shi kaɗai, minti 10, ba yayan a wurin, domin idan yana nan ƙanin ba ya tunani, jira yake a amsa masa. Ki fara da kunne, ba takarda: ki ce "ka...za", ya haɗa miki kaza, ki ce "tu...lu". In ya haɗa da baki amma ya kasa a rubuce, baƙaƙen ne bai gane ba, sai a koma musu uku-uku. In ko da baki ya kasa, a ajiye littafi a yi ta wasan gaɓa tukuna. Kuma a yi da Hausa, don yadda ake faɗarta haka ake rubuta ta; Turanci ba haka yake ba, yaro sai ya yi ta canka.

Juya b da d ba abin tsoro ba ne har wajen shekara 7, balle mu da muke da ɓ da ɗ a kai. Amma in ya wuce 8, tambayar baki yana amsawa tsaf, karatu kuwa ya tsaya cak, to akwai matsalar karatu da ake kira disleksiya. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma bulala ba ta taɓa gyara ta. Abin yana ci mini rai, don irin waɗannan yaran ne suka fi shan duka.

Malamin allo, Kwarbai:
Malama ta yi gaskiya. Mu ma a babbaƙu da farfaru muna ganin iri biyu. Akwai mai kunne: a biya masa sau uku ya riƙe, iyaye su yi ta murna. Ka rufe farkon layin da hannu, ka nuna masa baƙi a tsakiya, sai ka ga bai raba ba-guje da ta-guje ba. Wannan a rage masa gudu. Akwai kuma mai ido, haddarsa da nauyi amma duk baƙin da ya gani ya zauna. Shi ake yi wa gori, kuma sau da yawa shi ne karatunsa ke ƙarko. Don haka ba a rubuta musu daidai wa daida: wani layi 2, wani 5. Kada a wanke allo sai ya kawo shi ba tuntuɓe, safe da yamma.

Nas, Samaru:
Ni dai roƙona, kafin a ce hali ne a duba jiki. Jinkiri kaɗan ba ciwo ba ne: a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya yaro lafiyayye na iya fara tafiya shi kaɗai tun daga wajen wata 8 har kusan wata 18. Abin da ba a jira a kansa shi ne ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, kamar "ba ni", ko kuma ya daina maganar da ya riga ya iya.

Kunne: ki tsaya bayansa taku uku, ki kira sunansa a hankali. In kunnen na ruwa, ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, a kai shi a auna ji, don duka ukun suna taɓa shi. Ido: yana ƙanƙance ido, yana kwafa daga littafin na kusa maimakon allon aji? Sannan akwai wata farfaɗiya marar faɗuwa, yaro ya ƙura ido ya yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi, sau da yawa a yini, a kira shi bai ji ba. Ana ɗauka shashanci ne, alhali tana jin magani. Ƙarancin jini da zuwa makaranta ba karin kumallo su ma suna sa yaro ya yi ta gyangyaɗi. Asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya na da sashen yara da na kunne da na ido.

Malamar aji biyu:
Na manta bahago. Kusan yaro 1 cikin 10 ne. A koya masa ci da dama kamar yadda addini ya ce, a bar masa rubutu da hagu. A zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannu ta riƙa karo, a karkata masa littafin zuwa dama. A allon Alƙur'ani ma ya fi samun sauƙi, don daga dama rubutun ke farawa, hannunsa ba ya share tawada.

Goggo, Ƙofar Doka:
'Ya'yana, duk na ji, amma kada a mayar da "halinsa ne" mafaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Salla, gaisuwa, gaskiya, taya aiki, doka ɗaya ce ga kowa. Hanyar ce ke bambanta. Wani harara ta ishe shi, in kika ƙara da tsawa sai ya fara ɓoye miki laifi. Wani sai an ja shi ɗaki an yi magana, a gaban baƙi taurin kai zai yi. Mai mantuwa a aike shi abu ɗaya, ya maimaita da bakinsa kafin ya fita. A gidan da ke da ɗaki biyu kuwa, maigida ya guji yabon ɗan wannan a gaban ɗan waccan. Daga nan 'yan ubanci ke tsirowa, yaran su girma da shi.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri Goggo. Malama, in an duba ido da kunne lafiya lau, har yaushe za a gwada a gida?

Malamar aji biyu:
Minti 15 kullum, lokaci guda, bayan ya ci ya huta, ba dawowarsa daga Islamiyya a gajiye ba. Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kwanan wata da baƙaƙen da ya gane ranar. Bayan zango ɗaya ki kwatanta shafin farko da na ƙarshe. In ya motsa ko kaɗan ne, a ci gaba a haka. In bai motsa ba, ki ɗauki littafin ki je wurin malamin ajinsa, ku nemi a duba shi tare da likitan yara.