Ɗuri ya maƙale a bindigar toka, ya ƙi tashi ya ƙi fita

Assalamu alaikum. Bindigar toka ce ta gado, da ita nake fita cikin 'yan bindiga a Kano. Ranar Hawan Daushe na ɗura mata albarushi da tsumma, babu harsashi, sai ruwa ya tsuge mana. Har yau ɗurin yana ciki.

Na shanya ta kwana 3, na tsokale kafar wutar da allura. Kunama tana bugawa ƙas, amma shiru. Na sa waya mai ƙugiya in jawo tsumman, ya yage, rabi ya saura can ƙasa, ga tsatsa ta fara cin bakin. Wani ya ce in gasa gindinta a wuta, wannan kam ban yarda ba.

Don Allah maƙera, yaya ake fitar da jiƙaƙƙen ɗuri lafiya ba tare da an kwance gindin bindigar ba?