Gemun wa za a fara jiƙawa?

Baban Khalifa: Jama'a, jiya a majalisa muka yi cacar baki da wani. An sallami maƙwabcinmu daga aiki, sai wanda muke cacar da shi ya ce wai in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Na ce wannan ai son kai ne. Ruwa na hannunka, me zai hana ka watsa wa wanda ke ci da wutar?

Ɗan Kwata: Haba Baban Khalifa, izina ake nufi. Kuma gemu ba ya jiran ruwa, kafin ka ɗebo ya babbake, sai ƙauri. Mu masu babbakar kai da ƙafa mun sani, gashi ke tafiya, fata na nan.

Malamin Aji Uku: Turawan Ingila ma suna da tasu. Kalmarsu ta singe ita ce babbakar sama-sama. A 1587 Francis Drake ya afka wa tashar jiragen ruwa ta Kadis a Sifaniya, ya ƙone jirage, aka ce ya babbake gemun Sarki Filib na Biyu. Mutunci ya ci masa, bai karya shi ba, don a 1588 sarkin ya turo rundunar jiragensa.

Uwar Biyu: Malam, bar mu da Turawa. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta ce wani hunturu gobara ta tashi a gidan maƙwabta. Kowa ya ruga can da tulu, ita kuwa ta tsaya tana sheƙa ruwa a jinkar ɗakinta. Gidan can ya ƙone ƙurmus, wuta ta tsallako ta cinye gida biyu, da ta iso kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ta mutu. A ɗakinta matan suka kwana har aka yi sabon rufi. Duk da haka shekara guda kishiyarta tana kiranta Mai-jiƙa-nata.

Baban Khalifa: To Hajiya, kakar ta yi daidai ke nan ko kuwa?

Uwar Biyu: Ita ma dariya kawai take yi in an tambaye ta.

Na Bakin Kasuwa: Wasu manyanmu dai da suka ji ƙaurin na maƙwabta, wanzami suka kira ya aske nasu. Mu ko ruwan famfon shafawar babu.

Ɗan Kwata: Ka yi a hankali, kada naka ya kama.

Uwar Biyu: Ɗan Kwata, tunda ka zo, da itace kuke babbaka ko da taya? Gandar jiya baƙi ƙirin.