Muhawara a guruf ɗin gida: a kai Ilham makarantar sistoci ko a fasa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida, dan Allah shawara nake nema. Ilham ta ci jarabawar shiga makarantar 'yan matan nan ta Katolika, ta sistoci, an kira mu intabiyu ranar Talata. Babanta ya ce duk abin da na yanke shi ke nan, ni kuma wlh raina ya rabu biyu, karatun wajen kowa ya shaida amma fa ta kwana ce kuma yarinyar shekararta 11 kacal

Baffa Sani: Wa alaikumus salam. Zainabu tunda kin tambaya zan gaya miki gaskiya ko ba daɗi. Yarinyar da ta yi shekara 6 a hannun sistoci ba ta dawowa gida da addininta yadda ta tafi da shi. Ban ce za ta koma Kirista ba, a'a, amma sai wani abu ya ragu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su ma sun san haka, shi ya sa tun farkon zuwansu makaranta suka fara ginawa.

Anti Rabi: Baffa Allah ya ƙara girma, amma maganar nan ta yi faɗi da yawa. Ni fa shekara 6 ɗin nan cif na yi a makarantar sistoci kuma ka sani don har biziti ka taɓa zuwa min da garin kwaki da suga. Me ya ragu a addinina? Ban taɓa ajiye azumi ba sai da lalura, ba wanda ya taɓa kirana gefe ya ce zo ki bar addininki, ko sau ɗaya

Baffa Sani: Rabi ai ke uwarki tsayayya ce, duk hutu sai ta mayar da ke islamiyya kamar ba hutu kika zo ba. Ki ƙirga 'yan ajinku Musulmi nawa ne suka samu irin wannan

Maman Walida: Ni dai bari in faɗi nawa don ni na kai kuma na cire. Walida shekara 2 ta yi a wata, ba a garin nan ba, ba zan kama suna ba. Ranar farko aka ce sai an aske mata kai, gashin da na yi shekaru ina wahala a kansa, na haɗiye na ce doka ce. Hijabi aka ce a bar shi a akwati sai ranar tafiya gida. Duk wannan na daure. Abin da ya karya min zuciya azumi, yarinya ta ce min biredin da suka ɓoye tun abincin dare shi suke sahur da ruwan famfo a cikin duhu don ba a kunna wuta kafin ƙararrawa, kuma ranar Lahadi kowa sai ya shiga coci ya zauna ko da ba zai yi komai ba. Da ta dawo hutu ina jin ta a banɗaki tana rera waƙar coci ba ta ma san tana yi ba, asuba kuwa sai na tashe ta sau uku. A ranar na ce da babanta a nemo mata wata makarantar

Baffa Sani: To kun ji. Ba ni na faɗa ba

Anti Rabi: Maman Walida wlh na tausaya miki kuma da ni ce nima cire ta zan yi. Amma wannan makaranta ɗaya ce, kowacce da shugabarta da tsarinta. Waƙa kuwa nima har yau na iya su, addu'ar asambili ma da za a tashe ni cikin dare zan karanto ta, ƙarfe 12 na rana in aka kaɗa ƙararrawa kowa ya tsaya cak inda yake har su gama addu'arsu mu muna tsaye shiru. Kunne ne ya ɗauka, zuciya ba ta ɗauka ba. Su ma 'yan ajinmu Kiristoci da yawa sun iya Fatiha don kullum suna jin mu

Gwaggo Hajara: Salamu alaikum. Nana ce take rubuta min ina faɗa. Sani, ni da kai uba ɗaya ya haife mu, kuma ka san Malam ba mutumin wasa ba ne da addini, shi da kansa ya ɗauke ni ya kai ni Queen of Apostles a Kakuri, Kaduna, wajen sistocin ƙungiyar OLA (Our Lady of Apostles), mutanen unguwa suna ta surutu ya ce shi ya san abin da ya shuka a cikin 'yarsa. Ina ciki gwamnati ta karɓi makarantun mishan a farkon shekarun 1970, tamu ta koma Queen Amina, St. John's ta koma Rimi College, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kufena. Matan nan sun koya mana tsafta da kiyaye lokaci da riƙon amana, in kika tsinci ko sisi sai kin kai ofis. Aikin jinya da na yi shekara da shekaru da tarbiyyarsu na yi shi. Na sauke Alƙur'ani, na je Makka, me ya ragu a nawa?

Baffa Sani: Yaya Allah ya ba ki haƙuri, ni ban isa in ja da ke ba kuma ban isa in ce Malam ya yi kuskure ba, Allah ya jiƙansa. Amma zamaninku makarantar 'yan mata nawa ce a duk Arewa? Lalura ce ta sa. Yanzu fa ko'ina ka juya ga makarantun da suka haɗa boko da hadda, yarinya ta fito da WAEC ɗinta da izu 60 a ka. In ga ruwa a kusa me ya kawo taimama

Gwaggo Hajara: In ruwan mai tsarki ne ba

Anti Rabi: Yauwa Gwaggo nan nake so a zo. Akwai masu kyau a cikinsu gsky ban musa ba, amma Baffa ni malama ce na yi aikin sa ido a jarabawa na ga abin da na gani, makaranta da suna mai daɗi na addini amma ranar jarabawa malami ne zai tsaya a allo yana rubuta amsa iyaye kuma sun biya kuɗin hakan da saninsu. Wannan ba raguwar addini ba ce? A wajen sistocin da na yi in aka kama ki da 'yar takarda a safa ranar za ki haɗa akwatinki ko 'yar waye ke, na ga an kori 'yar wani babban mutum uban ya zo da motoci ya yi ta magiya firinsifal ko gezau. Ni a nan na koyi cewa haram haram ce ko ba mai ganinki

Baffa Sani: Laifin wasu ba ya wanke wasu Rabi. A nemi ta kirki a cikin namu

Yaya Bashir: Bari in sa baki ta ɓangaren doka don kar a tafi da zaton da ba haka ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko shiga ibadar da ba tasa ba ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Amma sashen dai ya ce ba za a hana wata ƙungiyar addini koyar da 'ya'yanta addininsu a makarantar da ita ke ɗauke da nauyinta gaba ɗaya ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 da mutane ke yawan kawowa kan hijabi, a kan makarantun gwamnatin jihar Legas aka yi shi. Rikicin Kwara na 2021 da har aka rufe makarantu 10 a Ilori shi ma makarantu ne masu sunan mishan amma gwamnati ke ba su tallafi. Makarantar kuɗi zalla ta coci lissafinta daban, kuma yawanci akwai takardar dokoki da za a miƙo miki ki sa hannu. Zainab ki karanta ta layi-layi kafin ki sa hannu, kar ki zo daga baya kina cewa ba ki sani ba

Maman Walida: Wlh Yaya Bashir ni ban karanta ba, murna ta sa na sa hannu kawai

Hadiza Yamai: Sannunku 'yan Najeriya. Mu nan Yamai akwai makarantar Mariama, sistoci ne suka kafa ta kuma ƙasar kusan duka Musulmi ne, iyaye rububin kai 'ya'yansu suke yi ban taɓa jin an tayar da irin wannan magana da zafi haka ba. Amma fa gaskiya waɗanda na sani jeka-ka-dawo suke yi, yaro ya kwana gaban uwarsa. Ina jin matsalar taku kwanan ne ba sistocin ba

Maman Ilham: Hadiza kin taɓo inda yake min ciwo. Ni tun sace 'yan matan makarantar Dapchi a 2018 da na Jangebe a 2021 duk wata makarantar kwana gabana faɗuwa yake, ko ta waye. Wannan dai a tsakiyar gari take shi ya sa ma na yarda ta zauna jarabawar

Fa'iza: Ina wuni Baffa, ina wuni Gwaggo, ina wuninku duka. Fa'iza ce da wayar Umma, ta ce in faɗi yadda tamu take tunda ina SS2. Mu ba a aske mana kai, kitso ne dai iri ɗaya kowa da kowa duk sati. Akwai aji ɗaya da aka bar mana muna sallah, muna da amira, in sun tafi coci mu can muke zama mu yi karatu, kuma malamar IRS, wato darasin addinin Musulunci, tana zuwa daga cikin gari. Da azumi masu kicin suna ajiye mana abinci a kula, metiron ce ma take tashinmu kuma ita Kirista ce, wataran har faɗa take in muka yi nauyin barci. Abin da yake da wuya gsky la'asar, don lokacin ne ake shara da yankan ciyawa daga nan a wuce firef, in ba ki yi da gaske ba sai ki haɗa ta da magariba, kuma akwai waɗanda tun JS2 suka saki sallar ba mai ce musu komai don ba aikin sista ba ne ta bi ki ta ce kin yi sallah. Hijabi kuma sai in za mu yi sallah ko fita, a aji hula ce

Baffa Sani: Allah ya yi miki albarka Fa'iza, kin faɗi gaskiya ba ki ɓoye ba. Ku duba maganarta ta ƙarshe, akwai waɗanda suka saki sallah ba mai ce musu komai. Abin da nake faɗa kenan tun ɗazu. Ba sai an ce ki bar addininki ba, a bar ki kawai ba mai tuna miki. Sannan ga tambaya ɗaya, ku gafarce ni iyaye mata, Ilham shekara 11, a can girma zai same ta. Wa zai koya mata hukuncin al'ada da wankan tsarki da ramuwar azumi? Sista?

Anti Rabi: Wannan kam Baffa ka kama ni, ba zan yi gardama ba. Ni a JS2 abin ya same ni, wata sinya ce ta gaya min yadda ake yi kuma ashe ba daidai ta gaya min ba, sai da na zo hutu Inna ta zaunar da ni ta gyara min, na yi kuka ranar don ina tunanin sallolin da na yi a baya. Har yau in na tuna raina ba ya min daɗi. Amma ka lura ba makarantar ce ta ɓata min ba, ba a shirya ni daga gida ba ne kafin in tafi, kunya ta hana Inna yi min maganar da wuri. Kuma 'yar makarantar gwamnati ta kwana ma haka za ta iya faɗawa

Gwaggo Hajara: Zainabu ki ji nan. Sistocin St. Louis tun 1948 suka zo Kano daga Ailan, ga makarantarsu nan a Bompai, 'ya'yan Musulmi nawa ne suka bi ta hannunsu suka fito likitoci da malamai da lauyoyi suna nan da sallarsu. Ga kuma irin su Walida da aka cutar, shi ma gaskiya ne. Ke kika haifi Ilham ke kika san ta. In yarinya ce da sai an ce tashi ki yi sallah take tashi, kar ki kai ta ko'ina kwana, ko makarantar hadda ce. In kuma da kanta take shimfiɗa darduma to ki kai ta ki bi ta da addu'a

Maman Ilham: Gwaggo gsky azahar da la'asar da kanta take yi, asuba ce sai na tashe ta

Baffa Sani: To kin ji da bakinki

Maman Walida: Ki tambaye su ko suna ɗaukar jeka-ka-dawo mana, ko da shekarar farko ce

Yaya Bashir: Kuma duk abin da suka ce miki kan sallah da sahur da zaman coci ki roƙa a nuna miki a rubuce, firinsifal tana canzawa, alkawarin baki yana tafiya da mai shi

Maman Ilham: Na gode wlh duka, Allah ya bar zumunci. Na rubuta tambayoyina, wajen sallah, wa ke tashinsu asuba, sahur da buɗa baki, ranar Lahadi ina Musulmi suke zama, malamar IRS, gashi da hijabi, da maganar jeka-ka-dawo. Zancen da Baffa ya kawo kuma yau da daddare zan zaunar da ita ko za ta tafi ko ba za ta ba. Baffa dan Allah ka zo mu je tare ranar Talata, kai za ka ga abin da ni ba zan gani ba

Baffa Sani: Ni har yanzu ina kan bakana Zainabu, ban sauka ba. Amma zan zo in sha Allah. Ki ce da direba ya biyo ta shago ƙarfe 8, kuma ki bar min tambayar asuba ni zan yi wa sistar da kaina

Fa'iza: Anti in kun je ki ce a nuna muku ajin sallar da idonku, kuma ki nemi amirar ku yi magana ba a gaban malamai ba