Shin Rajistar Kamfani Za Ta Kare Gidana Idan Na Tsaya wa Rancen Banki?

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar sana'ar haɗa wutar lantarki a gidaje, tare da ma'aikata 4. Bara na yi mata rajista a matsayin kamfani mai iyakantaccen alhaki, saboda na fahimci cewa a idon doka kamfani daban yake da mai shi, don haka idan bashi ya yi masa katutu, jarin da na zuba kaɗai zan rasa, ba gidan da iyalina ke ciki ba.

Yanzu kuma banki ya ce ba zai ba kamfanin rance ba sai na sa hannu na tsaya masa da kaina. Shin wannan sa hannun bai rushe kariyar da na nema ba?

Abin da ya fi hana ni barci shi ne aikin hannuna. An gaya mini cewa idan ni na ja waya, daga baya gobara ta tashi, mai gidan yana iya maka ni kaina a kotu, ko da kamfanin yana da rajista. Inshorar da nake biya ta kayan aiki ce kawai. Don Allah masana, wace iri ce ke biyan diyyar ɓarnar da aka yi wa abokin ciniki, kuma tana ɗaukar kuɗin lauya?