Neman shawara: likita ya ce a yi wa Hajiyarmu gwajin ido na lantarki

Maman Khalifa, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiyarmu shekara 6 ke nan tana shan hydroxychloroquine saboda ciwon gaɓoɓi, miligiram 400 kullum. Likitanta ya ce a kai ta wani gwajin ido, ERG. Tunda ta ji an ambaci lantarki ta ce ba inda za ta, idonta garau, har zare take zura wa allura. Mu ƙyale ta?

Malam Kabir, ma'aikacin jinyar ido: Wa alaikumus salam. Kwantar wa Hajiya hankali, ba a sa wa ido wuta. Tantanin da ke can bayan ido shi ke fitar da 'yar wutar lantarki duk sanda haske ya sauka a kansa, na'urar aunawa kawai take yi. Za a ɗiga mata magani ƙwayar ido ta buɗe, a ɗora siririyar waya a bakin fatar ido, ta kalli allo mai walƙiya. Inda maganin gaɓoɓin da take sha ya fara yi wa tantanin illa, amsar wurin kan yi rauni.

Batun garau ɗin nan shi ya fi damuna. Ɓarnar wannan magani a ɓoye take farawa, kewayen tsakiyar gani. Kafin mutum ya ji canji ta yi nisa, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Shi ya sa wanda ya wuce shekara 5 yana sha ake duba shi duk shekara, da hoton tantanin bayan ido da ake kira OCT da gwajin faɗin gani, ERG ya tabbatar.

Hajiya Binta, Daura: Ni dai a ganina ta daina sha kawai. Ido ba abin wasa ba ne.

Malam Kabir: A'a Hajiya, kada ta daina sai likita ya ce, ciwon zai iya tasowa. Maman Khalifa, kilo nawa take? Ƙa'ida kada a wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana. A duba ƙodarta ma, don ciwon ƙoda yana ƙara haɗarin.

Maman Khalifa: Kilo 56 aka auna ta watan jiya.

Malam Kabir: To 280 ke nan, 400 ya haura. Ki nuna wa likitan wannan. Idan babu na'urar a kusa, ya rubuta muku takarda, ku tuntuɓi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna kafin ku kama hanya.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri. Na karanta mata, ta amince. Litinin za mu koma wurin likita in sha Allahu.